DARASI NA WANNAN WATA: ƊINKIN JAKAR ƘYALLE DOMIN BAZARA

'Yan'uwa, a bazarar bara wata gwauruwa cikin ekklesiyarmu ta zo wurinmu da damuwa. Akuya guda ɗaya gare ta, ita ce kuwa dukan dukiyarta, a kanta ta ke sa zuciya domin kuɗin makarantar ɗanta. Akuyar ta soma ramewa, cikinta a kumbure, ta bar cin dusa, ta bar tuƙa. Aka ba ta kanwa, aka ba ta magani, ba ta sami sauƙi ba. Da aka ga za ta mutu, sai aka yanka ta. Sa'ad da mahauci ya tsaga tumbin, sai ga leda a cure kamar ƙwallo, ta cika babban kwano. Mu da mu ka tsaya wurin ba wanda ya ce uffan, gama kowa ya sani wataƙila ledar da ya yar a bayan gidansa tana ciki.

Saboda wannan mu ka ga ya kamata darasin wannan wata ya zama na allura da zare. Za mu koyi ɗinka jakar ƙyalle mai hannu biyu, irin wadda mutum zai riƙa zuwa kasuwa da ita, ya zuba sayayyarsa, ya dawo gida ba tare da ya karɓi leda ko ɗaya ba. Abin da mu ke so kowa ya riƙe tun daga fari shi ne wannan: amfanin jakar yana cikin daɗewarta. In ta yage bayan wata biyu, mun yi hasarar ƙyalle da zare da lokaci, mun kuma koma ga leda.

1. DON ME DA BAZARA?

Dalili na fari, dabbobi. Da bazara ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, awaki da tumaki da shanu suna yawo suna neman abin da za su sa a baki. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko gishiri ko mai a ciki tana da ƙanshin abinci, sai dabba ta haɗiye ta. Tumbi ba ya iya narkar da ita. Tana taruwa kaɗan kaɗan har ta tare wurin abinci, dabba ta ji kamar ta ƙoshi alhali kuwa yunwa ce ke kashe ta.

Dalili na biyu, ruwa. Ledar da mu ka yar a watan Maris da Afrilu iska ta kan kwashe ta zuwa cikin lambatu. Ran da ruwan fari ya sauko, sai ya tarar hanyarsa a toshe, ya juya ya shiga gidajen mutane. Wanda ya tsaya a kwatami kuma ya zama wurin haihuwar sauro. Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Ƙasar Bangaladash ta hana ledar nan marar kauri a shekara ta 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ma ta yi doka a kanta a 2014, duk da haka har yanzu ana ganinta a kasuwanni da bisa ƙaya a bakin gari. Doka ita kaɗai ba ta isa ba in mai sayayya ba shi da abin da zai zuba kayansa.

Dalili na uku, zafi. A Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi zafin Afrilu ya kan wuce digiri 40. Leda ba ta barin iska ta shiga. In mun ƙulle tumatir ko alayyafo a cikinta, kafin mu kai gida sun yi gumi, sun soma lalacewa. Ƙyallen auduga kuwa yana shan iska.

Dalili na huɗu, zarafi. Kafin shuka aikin gona da sauƙi. Wanda ya ke so ya koyi sabon aikin hannu, yanzu ne lokacinsa, da hantsi ko da la'asar a gindin bishiya.

2. ASALIN WANNAN IRIN JAKA

Kakanninmu ba su rasa abin ɗaukar kaya ba. Suna da kwando da lefe da ƙwarya, suna da burgami na fatar akuya, da taiki domin hatsi, da gafaka domin littattafai. Leda baƙuwa ce. Wani injiniya mutumin Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya tsara ledar sayayya mai hannu, kamfanin Celloplast kuma ya sami takardar mallakarta a 1965.

Jakar ƙyalle mai buɗaɗɗen baki da hannu biyu ta yi suna a Amurka. A 1944 kamfanin L.L. Bean na jihar Maine ya fito da ita, an ɗinka ta da ƙyalle mai kauri irin na tanti, domin ɗaukar ƙanƙara, gama a zamanin nan gidaje da yawa da ƙanƙara su ke sanyaya abinci. Daga baya mutanen can su ka mai da ita jakar zuwa kasuwa da bakin teku a lokacin zafinsu, watau daga Yuni zuwa Agusta. Mu lura da wannan: tun asali domin kaya mai nauyi aka yi ta, shi ya sa aka ƙarfafa gindinta da hannuwanta.

Akwai wani lissafi da ya kamata mu sani, domin kada mu ruɗi kanmu. Noman auduga da saƙa ta suna cin ruwa da wuta da yawa. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta buga bincike, ta ce sai an yi aiki da sabuwar jakar auduga sau 131 kafin abin da yinta ya ƙara wa zafin duniya ya kasa na ledar da a ke karɓa sau ɗaya a yar. In muna zuwa kasuwa sau 2 a mako, sau 131 ya yi wajen shekara ɗaya da wata uku. Daga nan mun koyi abu biyu. Na ɗaya, in da hali mu ɗinka da ƙyallen da ya riga ya ke gida. Na biyu, mu ɗinka da ƙarfi.

3. KAYAN AIKI

Ga abin da za mu tanada: ƙyalle yadi 1, zare mai ƙarfi, allura, almakashi mai kaifi, tef na awo, alli, fil kaɗan, da dutsen guga. Mai keken ɗinki zai gama da sauri, amma wanda ba shi da keke kada ya fid da zuciya, gama hannu ya isa. A keke, allura mai lamba 14 ta yi daidai ga atamfa, mai lamba 16 ga kaki da jins.

Kada mu yi rowa wajen zare, araha ba ta ado. Mu nemi irin wanda teloli su ke ɗinka wandon kaki da shi. Mu naɗe shi a yatsu mu ja, in ya tsinke nan da nan mu bar shi. Mai ɗinkin hannu ya riɓa zaren biyu, ya goga masa kakin zuma domin kada ya yi ta ƙullewa.

4. ZAƁEN ƘYALLE

Ƙyalle uku mu ke bukata: na jiki, na shafi, watau wanda zai zauna daga ciki, da na hannuwa. Atamfa ta yi, kaki ya fi ta ƙarfi, saƙi na gida ma yana da kyau ƙwarai in saƙarsa a matse ta ke. Ga shafi kuwa, akoko ko alawayyo ko tsohon zane sun isa. Ƙafafun tsohon wandon jins sun fi kome kyau wajen yin hannuwa. Teloli da yawa suna da ragowar ƙyallaye a buhu, mu tambaye su.

Tsohon zane ya kan mutu a tsakiya, wurin zama, amma gefensa yana nan da rai. Mu ɗaga shi a rana, inda haske ya ke ratsawa da yawa mu guje shi. Mu kama shi da hannu biyu mu ja, in ya yi ƙara kada mu sa shi a jiki ko a hannu.

Domin bazara mu zaɓi launi mai haske, gama baƙin ƙyalle yana jan zafin rana. Mu guji yadin roba mai santsi, shi ma ba ya shan iska kamar auduga.

In ƙyallen sabo ne, lalle mu wanke shi, mu shanya, mu goge kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga tana tsukewa a wankin fari. In jiki ya tsuke shafi bai tsuke ba, jakar za ta murɗe. Wankin kuma zai nuna mana ko launin yana zuba.

5. AWO DA YANKA

Yadi 1 inci 36 ne. Faɗin atamfa ya kan kai inci 45 ko fiye kaɗan. Saboda haka yadi guda zai fid da dukan jakar in mun yi lissafi. Mu shimfiɗa ƙyallen a tabarma ko tebur, mu zana da alli kafin mu yanka:

Jiki: faɗi inci 16, tsawo inci 34, guda 1.
Shafi: faɗi inci 16, tsawo inci 34, guda 1.
Hannuwa: faɗi inci 4, tsawo inci 24, guda 2.
Aljihu: faɗi inci 8, tsawo inci 11, guda 1.

In mun jera su gefe da gefe, 16 da 16 da 4 da 4 sun yi inci 40, ba su cinye faɗin ba. Aljihun zai fito daga abin da ya ragu a ƙarshen hannuwa. Wanda ya ke so ya rataya jakar a kafaɗa ya yi hannuwan inci 28, ya nemi aljihu a wani ƙyalle dabam.

Me ya sa jikin guda ɗaya ne dogo? Domin in mun ninka shi biyu, ninkin zai zama gindin jaka, ba ɗinki a wurin da nauyi ya ke sauka. Amma akwai abin lura. In zanen atamfar yana da sama da ƙasa, kamar tsuntsu ko bishiya, gefe ɗaya zai fito a kife. In haka ne mu yanka biyu, kowanne faɗi inci 16 tsawo inci 17 da rabi, mu haɗa su a gindi da ɗinki biyu.

Mu auna sau biyu kafin mu yanka, mu kuma bi tsawon zaren saƙa. Abin da aka yanka a karkace zai miƙe in ya ɗauki kaya.

6. ƊINKI

Cikin dukan ɗinkin nan za mu bar rabin inci tsakanin layin ɗinki da bakin ƙyalle. Mai ɗinkin hannu ya yi ɗinkin koma-baya: allura ta fito gaba, sa'an nan ta koma ta shiga ramin da ɗinkin baya ya ƙare. Ya sa kamar 8 cikin kowane inci. Wannan ɗinki yana da ƙarfi kusan kamar na keke.

Mataki na 1, hannuwa. Mu ninka kowane ƙyalle biyu a tsawonsa, mu goge domin layin tsakiya ya fito. Mu buɗe, mu kawo bakin nan biyu su haɗu a layin, mu sāke ninkawa, mu goge. Yanzu faɗinsa inci 1 ne, riɓi huɗu. Mu ɗinke gefe biyu daga wannan kai zuwa wancan.

Mataki na 2, aljihu. Mu ninka shi biyu, fuska da fuska, mu ɗinke gefuna, mu bar ƙofa ta inci 2. Ta ƙofar mu juyo shi, mu goge. Mu ɗora shi a fuskar shafi, a tsakiya, inci 4 daga baki, ninkin yana sama. Mu ɗinke gefe biyu da ƙasa. Nan ne wurin kuɗi da waya da mabuɗi. A yi wannan tun shafin yana shimfiɗe, gama bayan an haɗa shi aikin ya kan yi wuya.

Mataki na 3, gefuna. Mu ninka jiki biyu, fuska da fuska, ya zama inci 16 da inci 17. Mu kafa fil, mu ɗinke gefe biyu, mu maimaita ɗinkin kusa da na fari. Haka za mu yi wa shafi.

Mataki na 4, gindi. Wannan shi ne ya ke sa jaka ta zauna, ta ɗauki kwano ko kabewa. Tun tana a juye, mu sa hannu ciki mu buɗe kusurwa ɗaya, mu danne ta har ɗinkin gefe ya kwanta daidai bisa layin ninkin gindi. Kusurwar za ta fito da tsini kamar bakin mashi. Daga tsinin mu auna inci 2 bisa ɗinkin, mu ja layi a gicciye. In mun yi daidai, tsawon layin inci 4 ne. Mu ɗinke shi sau biyu. Kada mu yanke kunnen da ya fito, mu kwantar da shi a gindi, zai ƙara ƙarfi. Kusurwa huɗu ke nan, biyu a jiki, biyu a shafi.

Mataki na 5, haɗawa. Mu juyo jiki fuskarsa ta fito waje. Shafi kuwa mu bar shi yadda ya ke, mu zura shi cikin jiki, baya da baya, ɗinkin gefe bisa ɗinkin gefe. Mu kalmasa bakin jiki inci 1 zuwa ciki, bakin shafi ma inci 1, kalmasar nan biyu suna duban juna, mu goge.

Mataki na 6, sa hannuwa. Mu nemi tsakiyar baki a gaba, mu auna inci 3 dama, inci 3 hagu, mu sa alama. Mu cusa kan hannu tsakanin jiki da shafi a kan alamun, zurfin inci 1 da rabi. Mu duba kada hannun ya murɗe. Haka a baya. Mu ɗaga jakar mu ga ko hannuwan sun yi tsawo ɗaya, sa'an nan mu ɗinke bakin kewaye, layi ɗaya kusa da baki, wani kuma ƙasa da shi kaɗan.

Mataki na 7, ɗaurin hannu. A inda kowane kan hannu ya shiga, mu ɗinka murabba'i na inci 1, mu ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, layukan su gicciye juna. Wuri huɗu ne. Kada gajiya ta sa mu tsallake ko ɗaya.

In mun gama, tsayin jakar zai zama inci 14, faɗinta a shimfiɗe inci 15, gindinta inci 4.

7. INDA A KAN YI KUSKURE

Jakar fari da mu ka ɗinka a gidanmu ta yi kyaun gani, har maƙwabta su ka yaba. Amma mun bar mataki na 7, mun ce layi ɗaya ya isa. Ran kasuwa aka zuba mata gero da albasa, ba a kai rabin hanya ba hannu ɗaya ya ɓalle, geron ya watse cikin rairayi, kaji su ka yi biki. Dalili kuwa a fili ya ke. Dukan nauyin da ke cikin jaka ta wurare huɗu ɗin nan ya ke bi ya kai hannun mai ɗauka. In layi ɗaya ne, nauyin yana kan zare kaɗan. Murabba'i mai gicciye yana raba shi bisa ƙyalle mai faɗi.

Kuskure na biyu, rashin ƙulle ɗinki. Kowane layi, a farkonsa da ƙarshensa, mu koma baya sau uku. In ba haka ba, zai soma warwarewa daga baki.

Kuskure na uku, ƙyuyar guga. Kalmasar da ba a goge ba ba ta kwanciya, ɗinki kuma ya kan karkace a kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin mu fita da jakar, mu gwada ta. Mu zuba mata hatsi mudu 3, mu rataye ta a ƙusa ta kwana. Da safe mu duba gindin hannuwa da kusurwoyi. In zare ya buɗe, gara a gyara a gida da a tsince gero a hanya.

8. YADDA ZA MU KIYAYE TA

Kada mu sa ɗanyen nama ko kifi ko manja kai tsaye cikin ƙyalle. Mu tafi da kwano mai murfi, mu sa shi cikin jakar. Ruwan nama in ya shiga ƙyalle da zafin nan ya kan haifi ƙwayoyin cuta, su kuwa su bi ganyen da za a ci ɗanye. Mu wanke jakar da sabulu kowane mako, mu juya ta, mu shanya ta bushe sarai. In mun ga ƙaramar ɓula, mu yi mata faci ran nan. In an juye kaya, a rataye ta kusa da ƙofa, domin jakar da aka manta a ɗaki ba ta hana karɓar leda. Yaron da za a aika kuma a ba shi ita tare da kuɗin.

9. AIKIN KOWA NE

Kada maza su ce wannan na mata ne. A ƙasarmu ɗinki sana'ar maza ce tun dā, Bulus manzo ma da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti tare da Akila da Biriskilla. Mun kuma san Dokas ta Yafa, wadda gwauraye su ka nuna tufafin da ta ɗinka. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 9 da sura 18. Muna roƙon Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su keɓe yamma ɗaya, wanda ya iya ya zauna kusa da wanda bai iya ba. Gwauruwan nan da mu ka ambata tana cikin waɗanda su ka fara koyo a wurinmu. Yanzu tana karɓar ragowar ƙyalle wurin wani tela, tana ɗinkawa tana sayarwa ran kasuwa, tana tara kuɗin wata akuya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa dabbobi su ka fi cin leda da bazara?
2. Don me za a wanke sabon ƙyalle kafin a yanka?
3. In muna son gindin jaka ya zama inci 6, inci nawa za mu auna daga tsinin kusurwa?
4. Wane mataki ne in an bar shi hannu zai ɓalle? Ku bayyana dalili.
5. Ku ƙidaya leda nawa ta shigo gidanku cikin mako ɗaya, ku zo da lissafin.

Aikin wannan wata: kowane gida ya ɗinka jaka guda, a kawo ta taro na gaba tare da hatsi mudu 3 domin gwaji.